Matambayi Ba Ya Ɓata: Gonar Tamu Ce, Abin Da Ke Ƙarƙashinta Fa?

Cikin wata guda wasiƙu huɗu suka iso mani kan haƙar ma'adinai, duk daga ƙasar Katsina da Daura, shi ya sa na jingine maganar filayen gado da na yi alkawari sai fitowa ta gaba. Kamar kullum, na cire sunayen mutane da na ƙauyuka. Sababbin masu karatu su sani, ni ba lauya ba ne. Tsohon ma'aikacin awon ƙasa ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan sarƙar awo a gonakin mutane, har gwiwa ta ce ya isa.

Wasiƙa ta farko, daga wani manomi a kudancin Katsina

"Assalamu alaikum Baba. Ƙauyenmu na tsakanin Malumfashi da Ƙanƙara. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona, mu bakwai, maza huɗu mata uku, har yau ba a raba ba, tare muke nomawa. Bara bayan an kau da amfanin gona wasu mutane suka zo da motoci biyu, suka sauka ƙofar gidan mai unguwa, suka ce suna da takarda daga Abuja, wai akwai farar ƙasa ƙarƙashin gonakin arewa da gari. Aka kira yayanmu da daddare, aka ba shi naira dubu ɗari uku, ya dangwala hannu. Ni ina Kano cin rani, sai labari na ji. Yanzu katafila ta shiga, an sare ɗorawa biyar da kuka ɗaya, tifa na fita da kaya kullum. An toshe burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, Fulanin da muke zaune lafiya da su sun fara ratsawa ta gonakin mutane. Na je na yi magana, mai kula da aikin ya ce mani ƙasa ta gwamnati ce, in na ƙara zuwa zai sa a kama ni. Samarin gari sun ce a bar su su ƙone katafilar da dare. Ni da yayana ko gaisuwa ba mu yi. Baba, gonar nan tamu ce ko ba tamu ba ce? Kuma a addinance, abin da Allah ya binne a gonar mutum ba nashi ba ne?"

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, ka je ka riƙe samarin nan. Ranar da katafilar ta kama wuta, ranar za a daina maganar gonarku, a koma maganar belin 'ya'yan mutane. Kuɗin da ya kamata ku kai wa lauya kan diyya, a ƙofar ofishin 'yan sanda za su ƙare, kuma mutumin da yau kuke tuhuma shi zai koma mai ƙara. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Mai kula da aikin ya faɗa maka rabin gaskiya, ya haɗiye rabi. Rabin da ya faɗa shi ne wannan: sashe na 44, ƙaramin sashe na 3, na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Dokar Ma'adinai ta 2007 da wannan maganar ta buɗe. Ba na gwamna ba ne, ba na sarki ba ne, ba naka ba ne. Shi ya sa takardar ke fitowa daga Abuja, daga ofishin rajistar ma'adinai da ake kira Kadasta, kuma shi ya sa mutum ke iya samun lasisi a kan gonarka alhali bai taɓa shan ruwan garinku ba.

A addinance ma, kada ka ji zafi, amsar ba ta yi nisa da wannan ba. Mu nan Malikiyya muke bi, kuma duk wanda ya zauna zaure ya kai Muhtasar, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya ji inda aka ce hukuncin ma'adini na hannun shugaba, ko da an same shi a ƙasar wani ayyanannen mutum. Abin da ke rikita mutane shi ne rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka binne aka manta, wadda ake fitar wa ɗaya bisa biyar. Wannan daban, ma'adini daban. Sai dai shari'ar da ta ba shugaba wannan iko ita ce ta ce ba cuta ba cutarwa, kuma ba ta ce a sare ɗorawar marayu a ba su haƙuri ba. Ka ƙara tambayar malamin garinku, shi ne mai fannin.

To ga rabin da ya haɗiye. Farar ƙasar ta gwamnati ce, amma ba wanda zai kai gare ta sai ya taka doron gonarku, kuma doron nan doka ta san da ku a kansa. Sashe na 100 na dokar 2007 ya ce in an nemi lasisi a wurin da ya haɗa da ƙasar da wani ke riƙe da ita, sai an sanar da mai ita an sami yardarsa, in ba haka ba ana iya ba da lasisin a cire gonar tasa daga ciki. Wannan yardar ita suka zo nema da daddare. Dangwalen da yayanku ya yi, a wurinsu ya fi dubu ɗari uku daraja nesa ba kusa ba, domin da shi ake cika fayil a Abuja. Da ba su buƙatarsa, da ko ruwan sha ba su tsaya karɓa a gidan mai unguwa ba.

Nan ne ƙofarku take. Gona ta mutum bakwai ce, ba a raba ba. Yaya babba ne, ana girmama shi, amma ba shi da ikon ba da rabon ƙannensa, balle na mata uku da ba wanda ya tambaye su. Ku shida ku rubuta takarda, Hausa ma ta isa in ba mai Turanci kusa, ku ce ku magada ne, ba a nemi yardarku ba, ba ku ba kowa wakilci ba. Kowa ya sa hannu, har matan. Ku kai kwafi ɗaya wurin hakimi, ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke Katsina, ɗaya kuma ga kwamitin da ake kira MIREMCO, wanda sashe na 19 ya ce a kafa a kowace jiha don irin wannan saɓanin. Duk inda kuka kai, a buga maku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Takardar da ba ta da hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba.

A cikin takardar ku nemi a nuna maku irin lasisin da ke hannunsu, da lambarsa, da taswirarsa. Mutanenmu da sun ga hatimi da tambarin mikiya sai jiki ya mutu, alhali takardun iri-iri ne. Akwai lasisin bincike, na shekara uku, wanda ke iya rufe fili har murabba'in kilomita 200. Mai shi dubawa zai yi ya ɗebi samfuri, ba shi da hurumin lodin tifa yana kai wa kasuwa. Akwai ƙaramin lasisin haƙa, wanda bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, na shekara biyar. Akwai babban lasisin haƙa na shekara 25. Akwai na fasa dutse. Ka ce tifa na fita kullum. In ta tabbata lasisin bincike kawai gare su, ko kuwa taswirar tasu ba ta kai gonarku ba, to magana ta canja gaba ɗaya, su ne a kan kuskure tun daga tushe. Wani ɗalibi mai waya zai iya taimaka maku, domin Kadasta na da shafin intanet mai nuna inda aka ba da lasisi.

In kuwa lasisin haƙa ne sahihi, abu uku ke kansu, kuma ba alfarma ba ce. Na farko diyya, sashe na 107: ta ɓarnar doron ƙasa, ta amfanin gona, ta itatuwa masu amfani, ta gini. Ba su za su yanka wa kansu farashi ba, doka ta ce a kimanta tare da kwamitin jiha da mai kimantawa mai lasisin gwamnati. Na biyu kuɗin hayar doron ƙasa, sashe na 102, wanda ake biya duk shekara, kuma tun kafin a ba da lasisi ya kamata a tambayi mai gona ya rubuta nawa yake so. Na tabbata ba wanda ya ambata maku wannan. Na uku yarjejeniya da al'umma, sashe na 116. Kafin a fara aiki sai kamfani ya zauna da mutanen gari an rubuta abin da gari zai amfana: ruwa ne, hanya ce, aji ne, ɗaukar 'ya'yan gari aiki ne, tallafin karatu ne. Ana sake duba ta duk bayan shekara biyar. In an kasa daidaitawa, maganar na komawa gaban ministan ma'adinai.

Bari in ɗan ratse, don maganar ɗorawa ta taɓa mani wani tsohon miki. Ba da daɗewa ba bayan an cire jihar Katsina daga Kaduna a 1987, aka tura ni wani ƙauye in auna gonar da za a ɗebi marmara don aikin hanya. Ina saurayi, riga a goge, biro a aljihu. Na ƙirga itatuwa, na duba jadawalin farashi, na ninka, na rubuta. Mai gonar dattijo ne, ya karɓi kuɗin ya juya su a hannu, ya ce, "Yaro, wannan na bana ne. Na baɗi fa?" Na yi dariya, don na ɗauka rashin sani ne. Ashe ni ne marar sani. Ɗorawa ɗaya na ba gida kalwa shekara da shekaru, matan gidan na yin daddawa su sai da su yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, ni kuwa na saye ta da kuɗin itacen girki. Na bi ta hanyar nan bayan na yi ritaya. Ramin na nan, ya zama kududdufi, ba wanda ya cike shi, zuriyar dattijon sun watse cikin birni. Saboda haka in an zo kimantawa, kada ku bari a ƙirga itace a tsaya. Ku kawo matan gidan su faɗi tiya nawa ta kalwa kowace ɗorawa ke bayarwa a shekara da abin da ake sai da ita a kasuwa. Ku sa a rubuta wanda zai cike ramin da lokacin da zai cike shi, domin dokar ta ɗora wa mai lasisi gyaran ƙasar da ya haƙe.

Abin da ya fi tayar mani da hankali a wasiƙarka burtalin ne. Kai ka san yankin da kake ciki, ka san abin da shekarun nan suka yi mana daga Faskari zuwa Batsari, ka san yadda ƙaramar magana tsakanin manomi da makiyayi ke zama abin da ba a iya kashewa. Kamfani zai kwashe farar ƙasarsa ya tafi ya bar ku da gabar da ba shi ya haifa a idon duniya ba. Ka je wurin arɗo da kanka, tun kafin damina, ka ce masa matsalar ɗaya ce. Ya sa hannu a takardarku. Buɗe burtali ya zama buƙata ta farko, gaban maganar kuɗi. Hakimin da zai yi jinkiri kan ɗorawa biyar ba zai yi jinkiri kan burtali ba, ya san abin da ke biyo baya.

Sai yayanka. Ban ce ya kyauta ba. Amma ka yi tunanin mutumin da aka kira da dare, ga mai unguwa, ga baƙi masu manyan riguna, ga takarda da Turanci, aka ce masa ko ya sa hannu ko bai sa ba gwamnati za ta karɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma su masu zuwa da dare sun fi kowa sanin haka. Muddin ba ku gaisawa, suna da shaida a cikin gidanku. Ka nemi kawunku ko baffanku ya zaunar da ku. In yaya ya yarda ya rubuta cewa bai san abin da takardar ta ƙunsa ba kuma ba ku wakilta shi ba, wannan layi biyun ya fi duk abin da na lissafa maka nauyi. Daga nan ku je kotun shari'a a raba gadon, kowa ya san iyakarsa. In abin ya kai ga ƙarar kamfani kan lasisi, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin ma'adinai, akwai ta a Katsina, kada wani ya ja ku ƙaramar kotu ku ɓata shekara a banza.

Wasiƙa ta biyu, daga wata uwa a ƙasar Daura

"Baba, ina gaisuwa. Ɗiyata ce ke rubuta mani. Akwai kamfanin fasa dutse bayan garinmu, shekara uku ke nan. In suka tashi nakiya har kwanukan jere na faɗowa. Ɗakina ya tsage daga sama har ƙasa, na mijina ma haka. Ƙura kuwa ko shanya ba mu iya yi, yarona ƙarami tari ya ƙi barinsa. Maza sun ce an ba gari kuɗi an gyara masallaci, don haka ba su da bakin magana. Ni mace ce, ina zan kai kuka?"

'Yata, Allah ya ba yaro lafiya. Shi za ki fara da shi: a kai shi asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa gidanku na kusa da inda ake fasa dutse, kuma ki adana katin da duk takardar magani. Ƙurar dutse ba irin ƙurar hunturu ba ce. Tana da ɗan ƙanƙanin yashi mai kaifi da ke maƙalewa cikin huhu, ga manya masu aikin shekara da shekaru yakan zama ciwon da ba ya warkewa. Ban ce shi ke damun yaronki ba, likita ne zai faɗa. Amma maganin ƙurar sananne ne kuma ba tsada: a riƙa yayyafa ruwa a injin niƙa da kan hanyar da tifofi ke bi, a rufe lodi da tamfol. Kamfanin da bai yi wannan ba, ganin dama ne bai yi ba.

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya ratsa ta Daura da Katsina da Jibiya, ga kuma ayyukan hanyoyi da gine-gine, tsakuwa da yashi da marmara suka zama zinariyar wannan yankin. Ba laifi ba ne, da tsakuwar ake gina asibitin da na ce ki je. Laifin shi ne a kwashi riba a bar wa maƙwabta tsagar bango.

Gyaran masallaci alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba shi ne yarjejeniyar da doka ta ce ba. Mai lasisin fasa dutse ma sashe na 116 ya hau kansa. Ki sa mijinki ya tambayi dagaci a nuna masa takardar yarjejeniyar. In akwai ta, a karanta a bainar jama'a, a ga me aka yi alkawari, su wa suka sa hannu da sunan gari. In babu, to kun sami abin kai ƙara. Nakiya kuma ba a tayar da ita kara zube, tana ƙarƙashin Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964, kuma sufetocin ma'adinai na tarayya ke sa ido a kanta. Kuna da damar neman a tsayar da lokaci sananne, a busa jiniya kafin a tayar, a rage ƙarfinta.

Abin da za ki iya yi daga cikin gida, ba sai kin fita ba: ɗiyarki ta ɗauki hoton tsagar yau, ta aza tsinken ashana a jikinta don a ga faɗinta, ta sake ɗauka duk wata. Ta sami ɗan littafi ta riƙa rubuta rana da lokacin kowace fashewa. Ki yi wa matan unguwa magana a wurin suna ko islamiyya su ma su yi haka. Kukan mace ɗaya ana cewa ginin ne ba ƙwari. Hotunan gida talatin da littafin wata uku, ba mai cewa haka. Malamar islamiyyarku ko wata ma'aikaciyar lafiya ta garin ta raka maza biyu su kai wa hakimi da jami'in ma'adinai da hukumar muhalli ta NESREA. In aka yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, dukansu na da ofis a Katsina, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ni dai abin da na lura cikin shekarun aikina, duk zaman da aka yi kan irin wannan a zaure ake yinsa, masu ɗebo ruwa da masu shanya da masu jinyar yara kuwa suna can cikin gida. Shi ya sa ake fitowa da fenti da lasifika, a manta rijiya.

Wasiƙa ta uku, daga wani matashi mai haƙar zinare

"Baba, ku 'yan boko kullum doka doka. Mu muka gano wurin, mu muka shiga rami da diga da tocila, abokina ƙasa ta rufta da shi a gabana. In mu muka haƙa ɓarayi ne, in mai kuɗi ya zo da takarda sai a ce mai zuba jari, a turo jami'ai su kore mu. Manoman garin ma sun tsane mu. Yaya kake so mu ci abinci?"

Ɗana, Allah ya jiƙan abokinka. Ba zan yi maka musu a kan rabin maganarka ba. Kakana na wurin uwa yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Jos aikin kuza lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da tari da labari, kuzar kuwa ta tafi Ingila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, abin ya daɗe. Kai ma yau wanda ke ba ka abinci da kuɗin mai bashi, ya sayi abin da ka samu a farashin da ya ga dama, shi ne gardinka, kuma ba a taɓa kama shi.

Amma manoman nan ba su tsane ku a banza ba. Ramin da kuka bari a buɗe akuyar wani ce ke faɗawa, wani lokaci ɗan wani. Rafin da kuke wanki a ciki shi suke sha. Zaibar da kuke kama zinare da ita ku ƙona, hayaƙinta guba ne ga mai ƙonawa da na kusa da shi. Kuma ka san abin da ya faru a Zamfara a 2010: a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, dutsen zinaren na ɗauke da dalma, aka riƙa kai shi cikin gida ana daka ana niƙa, yara na rarrafe cikin ƙurar. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma sai da aka yi masu magani. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Ko ba ka ɗauki komai daga amsata ba, ka ɗauki wannan: kada dutse ya shiga gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, a jiƙa shi kafin a niƙa, ka wanke jiki ka canja kaya kafin ka ɗauki yaro.

Maganar kora kuwa, ba za ta ragu ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda tsaro, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. A 2024 ɗin kuma ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakaru na musamman daga cikin Sibil Difens don farautar masu haƙa ba lasisi. Hanyar da doka ta bar wa irinku ita ce ƙungiyar gama kai. Ku haɗu ku yi rajista, ku sami yardar masu gonaki a rubuce, ku nemi ƙaramin lasisi da sunan ƙungiya. Ma'aikatar na da sashe na masu ƙaramar haƙa, aikinsa ke nan. Ba zan ruɗe ka ba, akwai kuɗi, akwai zirga-zirga, kuma in wani ya riga ku rajistar wurin to ya riga ku, domin Kadasta wanda ya fara kai takarda take ba. Wannan shi ne dalilin gaggawa. A inda aka riga ku, ƙungiya mai rajista na iya zama da mai lasisi a yanka mata gefe a rubuce, abin da mutum ɗaya mai diga ba zai taɓa samu ba. Ku fara da cike tsofaffin ramukan da ke bakin gonaki kafin ku je neman sa hannun masu su.

Ta ƙarshe, daga wani mai unguwa

"Malam, kowa mu yake zagi. Baƙi sun zo mani da takarda, sun ce daga sama ne, sun bar mani ambulan. Ban taɓa kuɗin ba, suna cikin akwati. In na ƙi a ce na hana ci gaba, in na yarda a ce na sai da gari."

Ranka ya daɗe, ka yi dabara da ba ka taɓa su ba, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Doka ba ta ba mai unguwa ikon yarda a madadin mai gona ba, wannan kariya ce gare ka, ka riƙe ta. In sun dawo ka ce su zo da hantsi, ranar da ba kasuwa ba, a yi shela, masu gonakin da abin ya shafa su zo da kansu, a sami mai karanta takardar da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ka tuna masu cewa sashe na 3 na Dokar Ma'adinai ta 2007 ya cire gari da kasuwa da maƙabarta daga inda ake haƙa. Ambulan ɗin kuma ka ɗauke shi a rufe ka kai gaban hakimi tare da liman da dattijo ɗaya, a buɗe a ƙirga a gabansu, magatakarda ya rubuta adadin da ranar da sunan wanda ya kawo.